Ƙusa Guda

Da igiya aka jawo ta ran Lahadi,
bashen Arzika, bayan motar siminti,
albasa na zuba kan hanya ɗai-ɗai.

Ya sauko, hula a hannu: "Nomau, duba.
Daga Badagishiri muke tafe lafiya,
sai ta kama daka kamar turmin ƙarfe,
ta yi tari biyu, ta tsaya tsai."

Na murɗa kile. Ƙas. Na sake. Ƙas.
Na aro batirin Bizo, sabo fil,
demarar ya dunguri ƙarfe ya dawo,
rago ya kai wa kuka karo da kai.

Na zaro joj, na shafe a gefen wando,
na mayar, na zaro: fari tas.
Ko abin da ƙuda zai lasa babu na mai.

"Jar fitila ba ta kama ba?"
Ya dubi ƙasa. "Ta kama wajen shingen jandarma.
Na ce ga Tawa can, ina hango antenna,
saura kilo bakwai."

Babban kile na kafa a kan puli,
na zura masa bututu, Tankari ya hau.
Yaro ya yi lilo har takalminsa ya fita,
inji ko gezau.
Muka cire buji huɗu, muka ɗura gazwal,
muka bar shi ya kwana yana jiƙa.
Da safe, jiya i yau, daidai.

Sai na shimfiɗa kwali na shiga ƙarƙashi.
Kartar ba ta fashe ba, dutse bai taɓa ta ba.
Rami ne zagaye, mazaunin ƙusar bidanj,
zare lafiya lau, ba ci, ba karaya.
Na daɗe kwance ina kallo nai.

Don na tuna Talata. Ni na juye man.
Na ɗaura ƙusa da yatsa, na miƙa hannu ga kile,
waya ta ɗau ƙara: "Habsu ta sauka, namiji!"
Na fito da gudu, ban waiwaya ba,
murna ta tafi da kai.

Ƙarƙashin mota ba shaida.
Wata murya ta ce: "Ai ya amsa da bakinsa,
jar fitila ta ishe ka mayafi,
yi shiru kawai."

Muka sauke kartar. Garin ƙarfe na ƙyalli
kamar tsakin gero a gindin ƙwarya.
Kusine ya narke ya rungume biyel,
bilbarke ya yi shuɗi kamar bakin rini.
Wannan ba jinya ba ne. Ba rai.

Na wanke hannu da omo da yashi,
na same shi zaune gindin bedi.
"Arzika, kilo bakwai naka ne.
Ƙusa tawa ce."
Ya ɗau albasa yana ɓarewa,
ɓawo bayan ɓawo, har ta ƙare.
Ya ce, "To. Mu raba asara biyu,
ba sai mun tara malamai."

Inji ɗan Kwatano, shagon Alhaji Bube a Ƙonni.
Na juya shi da hannu, na leƙa, na shaƙa.
Jikka ɗari huɗu da hamsin, ba ragi.
Ragon suna ba ya taɓuwa,
moto na sayar, na rufe ido ƙwarai.

Sarƙa a reshe, mu biyar muna ja.
Tsohon ya fito yana lilo, baƙi, shiru.
Sabon ya ƙi zama sai da muka lallashe shi
har bayan isha'i, fitila a bakin Tankari.
Lita huɗu na zuba, na ƙirga da ƙarfi.
Na murɗa. Ya yi atishawa, ya kama.
Ja ta mutu. Muka ji shi sarai.

Yanzu da ƙafa nake zuwa gareji.
Arzika ya aiko buhu, wai na mai jego.
Wani dare nakan farka in tambayi duhu:
na ɗaure ko ban ɗaure ba?
Habsu ta ce, "Kwanta, za ka tashe shi. Kai dai!"